RUWAN DA KATSINA KE ZUBARWA, INA YA KE ZUWA?

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Katsina da hantsi cikin bazara, zai ga abu biyu waɗanda ya kamata su sa mai hankali tunani. Na fari, zai ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, suna kai wa masu tuwo da mahauta da masu shayi, kowace jarka da kuɗinta. Na biyu, in ya sunkuyar da kai, zai ga ruwan nan da aka saya ɗazu yana bin lambatu, ya yi baƙi, an gama da shi. Da kuɗi ya shigo, a banza ya fita. Mun saba da ganin haka har mun daina tambayar inda ya nufa. To, tambayar da mu ke so mu yi ke nan yau, gama amsarta ta shafi lafiyar jama'a, da dukiyar 'yan kasuwa, da kuɗin baitulmali.

Amsar kuwa ba ta da nisa. Ruwan da birni ya zubar ba ya ɓata. Yana gangarawa bayan gari, manoman lambu su tare shi, su shayar da shuka, shukar ta komo kasuwa, mu saya mu ci. Watau zancen sake amfani da ruwa, wanda waɗansu ke ɗauka sabuwar dabara ce ta Turawa, Katsinawa sun daɗe suna yinsa. Abin da ya rage shi ne, har yanzu ana yinsa da ka, ba tacewa, ba awo, ba kuwa wanda aka ɗora wa alhakin dubawa.

INDA RUWAN YA KE FITOWA

Kafin mu bi ruwan nan zuwa inda ya ke zuwa, ya kyautu mu tuna da wahalar da a ke sha kafin a same shi. Katsina ba ta da babban kogi mai gudu rani da damina. Ruwan samanta na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, abin da ya kan sauka a shekara kuwa bai cika wuce milimita 700 ba. Kakanninmu da rijiyoyi da kududdufai suka rayu. Cikin shekarun 1970 aka gina madatsar ruwa ta Ajiwa, a ƙasar Ɓatagarawa ta yanzu, don ta shayar da birni. A lokacin Katsina hedkwatar lardi ce kurum. A 1987 ta zama babban birnin jiha, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta kwararowa, unguwanni suka tsallake ganuwa ta kowace ƙofa. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 300,000 a Ƙaramar Hukumar Katsina kaɗai, tun daga ran nan kuwa gari bai daina faɗi ba.

Da aka ga Ajiwa ba ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai, sai ido ya koma ga madatsar Zobe, a kan kogin Karaɗuwa kusa da Dutsin-ma, fiye da kilomita 60 daga birni. An gama gina madatsar a 1983, amma sai cikin Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin tace ruwanta da rarraba shi. Shekara 38 ke nan tsakani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kawo sabon ruwa daga nesa aiki ne mai cin kuɗi da cin shekaru.

Kowane bokiti da ya fito daga famfo, an kashe masa kuɗin alif da na maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na lantarki ko man injin da ya turo shi, da na bututu, da albashin ma'aikata. Wanda famfo bai kai gare shi ba kuwa, rijiyar burtsatse ce gatansa, ko ɗan ga-ruwa, shi ne ma ya fi biyan tsada. Masana aikin ruwa suna ƙiyasta cewa cikin kowane bokiti goma da ya shiga gida, kimanin takwas su kan fito ta rariya. Kaɗan a ke sha, kaɗan a ke dafuwa da shi, sauran duk wanka ne da wanki da wanke-wanke da kewaya. Ashe ke nan birni yana da wani kogi wanda ba ya ƙafewa ko da tsakiyar bazara, shi ne wanda ya ke fita ta rariyarsa.

INDA YA KE ZUWA

Mafi yawan garuruwanmu ba su da manyan bututun ƙarƙashin ƙasa masu tattara ƙazamin ruwa su kai shi wurin tacewa, Katsina ma haka. Bayan gida yana shiga masai ko ramin da aka yi masa a cikin gida, sauran ruwa kuwa ya bi rariya ya faɗa lambatu. Lambatun nan don ruwan sama aka gina su, amma da rani ruwan gidaje da na kasuwanni da na wuraren sana'a su ke ɗauka. Da yawansa ya kan gangara cikin rafin Ginzo, wanda ya ratsa gefen birni. A bakin rafin nan, wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, akwai lambuna inda a ke noman latas da kabeji da alayyafo da tumatir da albasa da makamantansu, da wannan ruwa a ke shayar da yawancinsu in rani ya yi.

Kada wani ya yi saurin zargin manoman nan. In ka sa kanka a matsayinsu za ka ga lissafinsu daidai ne. Ruwan ba ya yankewa. Ba a biyan ko kwabo a kansa. Yana ɗauke da abincin shuka, har mai lambu ya rage sayen takin zamani, wanda kowa ya san tsadarsa. Ga kuma kasuwa kusa, ganyen da aka yanka da asuba ya isa hannun mai saye kafin rana ta yi masa lahani. Da wannan sana'a mutane da yawa su ke ci da iyalinsu, su biya kuɗin makarantar 'ya'yansu, da ita kuma talaka ya ke samun ganye da araha a lokacin da karkara ta bushe.

Ba Katsina kaɗai ke haka ba. A Kano, ruwan Jakara da na Getsi shi ya ke shayar da lambunan da ke arewa da birni shekara da shekaru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙazamin ruwan duniya a kan sake shi ne ba tare da an tace ba. Duk inda aka sake shi a ƙasa mai ƙarancin ruwa kuwa, lalle akwai manomi yana jiransa a gangare.

HAƊARIN DA KE CIKI

Haɗarin iri biyu ne. Na fari, cututtukan da ke fita daga cikin mutum su koma cikin wani: amai da gudawa, da taifot, da atini, da ƙwan tsutsar ciki, wanda ya kan yi watanni a ƙasa bai mutu ba. Wanda ya ke fara kamuwa shi ne manomin da ya ke tsaye cikin ruwan ba takalmi, da yaran da ke taya shi. Bayansu sai mai sayarwa, sa'an nan mai ci. Ganyen da a ke dafawa, kamar alayyafo da yakuwa, wuta ta kan kashe abin da ke jikinsa. Matsala tana ga wanda a ke ci ɗanye, latas da kabeji da karas da tumatir da albasar da a ke yankawa a kan tsire ko a zuba cikin kwaɗo.

Kowa ya tuna da annobar amai da gudawa ta 2021, wadda aka lissafa fiye da mutum 100,000 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka ji jiki. Ba mu ce daga lambu ta fito ba, hanyoyinta suna da yawa, babbarsu ita ce ruwan sha da ya gurɓata. Amma hanyoyin nan duka tushensu ɗaya, watau ƙazanta ta sami ƙofar da za ta koma bakin mutum. Lambatun da ke gudu a buɗe kusa da bututun famfo mai yoyo, ko kusa da rijiya, ƙofa ce. Ganyen da aka shayar da shi, ƙofa ce ta biyu.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne guba irin ta ƙarfe da ta magungunan sana'a. Ruwan batir, da baƙin mai na makanikai, da rinin zamani, da abin da majemu na zamani ke zubarwa, in sun shiga ƙasa su kan zauna, shuka ta tsotsa, dafuwa kuwa ba ta fid da su. Kanawa sun sha fama da wannan saboda masana'antun fata na Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Katsina ba ta da masana'antu masu yawa irin na Kano. A wannan fanni dai rashin ya zama sa'a, gama ruwanta ya fi sauƙin gyara, in an tashi gyaran tun yanzu.

HANAWA BA MAGANI BA CE

In an kawo wannan zance gaban majalisa, shawarar da ta kan fara fitowa ita ce a hana noman lambu da ruwan lambatu, a kori manoma. A ganinmu wannan kuskure ne. In an kore su daga Ƙofar Marusa za su koma gaba kaɗan inda ido ba ya kaiwa, su ci gaba. In ma an iya hana su ɗungum, ruwan ba zai daina gudu ba. Zai kwanta ya zama kududdufin sauro, ya nutse cikin ƙasa ya tarad da rijiyoyi, ganye ya yi tsada a kasuwa, magidanta da yawa su rasa abin yi. An ɓata sana'a ke nan, ba a kuwa kawad da cuta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya kamata shi ne hukuma ta yarda wannan ruwa dukiya ce, ta sa hannu a gyara shi, ta kuma tsara wanda ya dace da kowane aiki.

RUWA SUNA YA TARA

Mabuɗin al'amarin duka shi ne rarrabewa. Ruwan da ke fita daga Babbar Kasuwa ba iri ɗaya ba ne, mu ne mu ke gama shi cikin lambatu guda. Akwai mai sauƙin dauɗa, kamar na alwala da na wanke hannu da na ɗauraye kayan lambu da na saman kwano in an yi ruwan sama. Akwai matsakaici, kamar na wanke-wanken masu abinci, mai maiƙo da sabulu, da na gidan wanka. Akwai kuma mai nauyi, watau na bayan gida, da jini da tumbin dabba, da na rini da baƙin mai. Muddin an bar na ukun ya haɗu da na farkon, duka sun zama na uku, kuɗin gyaransu kuwa ya ninka.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san da launi da ɗanɗano da ƙanshi a ke gane hukuncin ruwa, ya kuma san ruwan da ya jirkita da abu mai tsarki dabam ya ke da wanda ya jirkita da najasa, na farkon ya yi aikin yau da kullum ko da bai yi na ibada ba. Likita ya zo ya ƙara mana abu guda, cewa ruwa yana iya zama garau ga ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka sai an haɗa da awo. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Saudiyya ta duba wannan mas'ala, ta yanke cewa ƙazamin ruwa in an tace shi sosai har najasar ta gushe daga launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, ya koma mai tsarki, ana iya amfani da shi muddin ba ya cutad da lafiya. Saboda haka ƙyamar da a ke ji, wadda ba laifi ba ce, ba za ta zama dalilin barin gyara ba.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, wanda ya fi Katsina ƙarancin ruwan sama, tun 1968 ya ke tace ƙazamin ruwansa yana mai da shi cikin famfon sha. A 2002 suka buɗe sabuwar ma'aikata mai iya fid da lita miliyan 21 a rana. Singafo ma ta bi wannan hanya daga 2003 da ruwan da su ke kira NEWater, yawancinsa masana'antu a ke ba. Mun kawo waɗannan ne don a san abin yana yiwuwa. Ba mu ba da shawara Katsina ta kwaikwaye su yanzu ba. Irin wannan ma'aikata tana bukatar lantarkin da ba ya ɗaukewa, da kayan gyara daga waje, da masu awo dare da rana. In ɗaya ya yanke na kwana guda, gari duka ya sha cuta.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda zafinsa da ranin sa kamar namu ne. A 2004 hukumar ruwan ƙasar ta buɗe manyan tafkunan tace ruwa a unguwar Kossodo, aka yanka wa masu lambu filaye a ƙasansu. Tafkunan sun yi aikinsu wajen rage ƙwayoyin cuta. Amma an bar ruwan masana'antu mai yawan kanwa da gishiri ya shiga tare da na gidaje, tafki kuwa ba ya fid da gishiri. Ba a daɗe ba ƙasar lambunan ta taurare, amfani ya ragu, manoma da dama suka bar filayensu. Abin koyi biyu ke nan a wuri guda: dabarar tafki tana aiki a ƙasa irin tamu, amma sai an tsare bakin abin da ke shiga.

YADDA RANA KE WANKE RUWA

Ga yadda dabarar ta ke, don malamai su iya bayyana wa ɗalibai. A kan haƙa tafkuna uku ko fiye a jere, ruwa yana malala daga wannan zuwa wancan da kansa. Kafin ya shiga, akwai ragar ƙarfe mai tare leda da tsumma. Tafkin farko mai zurfi ne, kamar mita 3, nan laka da ƙazanta mai nauyi su ke kwantawa su ruɓe. Na biyu ya fi faɗi, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi, nan gansakuka ke tsirowa, ta ba ruwan iska, ƙananan halittu su cinye sauran dauɗar. Na uku bai fi mita guda ba, don hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwan tsutsa kuwa nauyinsa ya kan kai shi ƙasa tun a hanya. Tafiyar duka ta kan ci mako uku zuwa huɗu. Ba inji, ba lantarki, ba man fetur. Rana ce ma'aikaciyar, ita kuwa Katsina ba ta taɓa rasa ta ba.

A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga ruwan da za a shayar da abin da a ke ci ɗanye: kada a sami fiye da ƙwan tsutsa ɗaya cikin lita, kada kuma ƙwayoyin da ke nuna alamar bayan gida su wuce 1,000 cikin mililita 100. Tafkunan da aka tsara da kyau su kan cika wannan sharaɗi. Suna da nasu wahalar. Na farkon yana wari, sai a nesanta shi da gidaje. In an bar ciyawa a bakinsu sauro zai samu gida. Sai an kewaye su saboda yara da dabbobi, a kuma kwashe lakar bayan 'yan shekaru. Babbar bukatarsu kuwa fili ne mai faɗi a gangaren gari. A nan ne gaggawar ta ke, gama filayen bayan gari kullum yanka su a ke yi ana gini. Filin da ba a keɓe bana ba, baɗi sai an biya diyyar gidaje kafin a same shi.

A 2006 hukumar nan ta sake duba ƙa'idodinta, ta ga ƙasashe matalauta ba za su iya jiran ranar da za a gama gina komai ba. Sai ta ba da shawara a yi wa cuta shinge bayan shinge, wanda ta tsallake wannan, wancan ya tare ta. Waɗansu shingayen ba su cin kuɗi. Mai lambu ya haƙa rami ya bar ruwa ya kwanta kafin ya ɗiba. Ya bi da shi ta kwari zuwa gindin shuka maimakon ya watsa a kan ganye. Ya dakata da ban-ruwan lambatu kwana biyu ko uku kafin yanka. Ya sa takalmin roba. Inda ruwan ya fi muni, a shuka itatuwa ko ciyawar dabbobi ko abin da sai an dafa. A kasuwa kuma, kada mai kayan miya ya wuni yana tsoma latas cikin bokiti guda, kada ya shimfiɗa shi a ƙasa bakin lambatu. A gida a wanke ganye da ruwa mai yawa, a sake, a sake, gama ɗan gishirin da mu ke barbaɗawa bai isa ba.

A FARA DAGA KASUWA

Gyaran ruwan birni duka aikin shekaru ne. Amma ana iya farawa da wuri guda, a ganinmu kuwa babu inda ya fi Babbar Kasuwa dacewa. Tana da iyaka sananna, da shugabanni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da kuɗin shiga da a ke karɓa. Tana kuma da bukatar ruwa mai yawa wanda ba na sha ba ne. Ba wanda ya manta da gobarar da ta tashi a kasuwar cikin Maris na 2021, ta cinye rumfuna da dukiya mai yawa, mutanen da suka kwana da jari suka wayi gari ba su da shi. Wuta ba ta tambayar ko ruwan da aka watsa mata na sha ne. Abin da ta ke tsoro shi ne ruwa mai yawa, a kusa, cikin minti goma na farko.

Bari mu yi lissafi na misali, irin wanda a ke ba 'yan aji huɗu. A ce mutum 2,000 su ke alwala a kasuwa sau uku a wuni, kowa da buta mai cin lita 2. Lita 12,000 ke nan a rana. In an rasa sulusi a ƙasa, saura 8,000. A kwana goma an sami lita 80,000, watau cikin motar kashe gobara mai cin lita 5,000 har sau 16. Wannan daga ruwan alwala kaɗai, ba a sa na saman rumfuna da damina ba. Abin da a ke bukata shi ne a yi wa wurin alwala daɓe, a raba shi da wurin fitsari, a bi da ruwan ta cikin akwatin tsakuwa da yashi da gawayi, a zuba masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya faɗa tanki rufaffe a ƙarƙashin ƙasa. Tacewar wajibi ce, don ruwan da aka ajiye da dauɗarsa kwana biyu ya kan yi wari. Rabin tankin a bar shi cike kullum domin gobara. Rarar a kora bayan gidan kasuwa da ita, a wanke daɓen mahauta na ƙasa, a kashe ƙura, a shayar da bedin da za a dasa don inuwa. Bututunsa a shafa masa fenti dabam, a rubuta da boko da ajami cewa ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na wanke abinci ba. Masu abinci kuma a yi musu ramin tare maiƙo kafin ruwansu ya fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

WA KE DA ALHAKI?

Ginin ba shi ne mai wuya ba, riƙon ne. Ƙasar nan cike ta ke da famfuna da tankuna da aka buɗe da tambari da jawabi, bayan shekara biyu suka zama wurin kwanan awaki, don ba a sa kuɗin gyaransu cikin kasafi ba, ba a kuwa ambaci sunan mai kula da su ba. Zancen ƙazamin ruwa ya fi kowane faɗawa cikin wannan rami, saboda ya ratsa ofisoshi da yawa. Masu ruwa aikinsu ya ƙare a bakin famfo. Masu tsabtar gari suna yashe lambatu. Masu aikin gona suna duba shuka, masu lafiya suna jiran majinyaci, masu filaye suna yanka fili. Kowa yana riƙe da guntunsa, ruwan kuwa yana bi ta tsakaninsu.

A zamanin En'e, kafin a rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, akwai duba-gari. Yana shiga gida ya leƙa randa, ya dubi rariya da masai, wanda ya ƙi gyara ya gamu da alkali. An yi kuka da tsananinsu, wani lokaci da gaskiya, amma kowa ya san wanda zai tambaya. Abin da mu ke roƙo shi ne a sa wannan aiki a hannun ofis guda, da sunansa, da kasonsa cikin kasafin kuɗi, da wajibin auna ruwan Ginzo da na tankin kasuwa a kan kari, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman suna nan cikin gari da ɗakunan awo da ɗalibai masu neman abin bincike. Sharaɗi guda kuma kada a manta da shi. Ran da ruwan nan ya tsabtata zai yi daraja, masu hali za su so shi. Manoman da suka yi shekaru suna fama da shi yana ƙazami, su ya kamata a fara rubutawa cikin masu haƙƙi, a kuma zauna da su tun ran da za a fara shawara.

GA MALAMAI DA AKAWUNA

Ku malaman makaranta, wannan darasi ne da ba ya bukatar littafi daga waje. Ku sa yara su auna ruwan da gidansu ya saya cikin mako, su bi rariyarsu su ga inda ta ƙare, su cika garwa da tsakuwa da yashi da gawayi su ga yadda ruwa ke fita, ku kuma gaya musu garau ba shi ne lafiya ba. Makarantar da ke da wurin alwala tana iya rayad da itatuwa ashirin da ruwan da ta ke zubarwa.

Ku kuma akawuna, ta hannunku takardun kasafi da na filaye da na kasuwa su ke bi. In an kawo tsarin sabuwar rumfa ko gidan wanka ko sabuwar unguwa, ku duba ko an nuna inda ruwansu zai tafi. In an kawo kuɗin gini, ku tambayi kuɗin riƙo. Tambaya guda a kan takarda a lokacin da ya dace ta fi kwamitin bincike bayan annoba.

Katsina za ta ci gaba da neman sabon ruwa daga Ajiwa da Zobe, ya kuwa kamata ta nema. Amma kowace lita da aka ƙaro ta famfo, kashi takwas cikin gomanta zai fito ta rariya, ya bi hanyar da muka bayyana, ya komo mana cikin kwandon mai latas. Tun da komowar ba makawa, sai mu zaɓi halin da zai komo a ciki. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, mu kuma ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.